Masu tallar faranchayis mai araha: in zuba kuɗina ko in haƙura?

Abba T/Wada:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa, aiki shiru, ina da kamar miliyan 1.5 da na haɗa daga alawi da abin da Yayana ya ƙara min. Na ga talla a Facebook, wani kamfani ne na Legas wai suna ba da faranchayis na shawarma da gugguru, za su ba ka ɗan kes mai sunansu da fentinsu, da injin gashi, su koya maka aikin na sati biyu, kai kuma ka biya miliyan 1.2 kuɗin shiga sannan duk wata ka riƙa ba su kashi 8 cikin 100. Ni dai Samaru nake hange, wajen bakin ƙofar ABU. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan harkar?

Bakanon Kwari:
Bazazzagi da miliyan ɗaya da rabi a hannu? Kawo Kwari mu juya maka kafin ka ƙarar a littafi 😂

Abba T/Wada:
Kai dai Bakano a bar ku da son kuɗin mutane, da gaske nake wlh

Alhaji na Sabon Gari:
Abba ɗana, kafin a yi nisa, kashi 8 ɗin nan na ciniki ne ko na riba? Je ka duba ka dawo.

Abba T/Wada:
Baba na duba, sun ce na duk abin da ka sayar ne a wata.

Alhaji na Sabon Gari:
To ɗauko biro. Mu ƙaddara Allah ya buɗa ka yi cinikin dubu 600 a wata. Nama, burodin naɗi, kabeji, mayonis, gas, leda, mu ce sun ci dubu 400, kuma na yi maka sauƙi ma a haka. Hayar wuri da kuɗin yaro da man janareta mu ce dubu 120. Saura nawa? Dubu 80, ita ce ribarka. Su kuma kashi 8 na dubu 600 dubu 48 ke nan. Kai da ka tsaya gaban wuta tun la'asar har sha ɗayan dare ka tashi da dubu 32, su da suke Legas a zaune sun fi ka samu. Ranar da kaza ta ƙara kuɗi kai ne za ka ji a jikinka, kasonsu ba ya motsi tunda ba ruwansa da nawa ka sayo kaya. Lissafin misali ne kawai, amma ka sa naka adadin ka gani.

Lauyan Kongo:
Alhaji ya taɓo wurin. Amma fa ɗaukar kaso daga ciniki ba cuta ba ce a kan kanta, haka tsarin yake a ko'ina, saboda mai suna ba zai iya bin kowane shago yana tantance riba ba, ciniki ya fi sauƙin gani. Yawanci abu uku ake biya: kuɗin shiga sau ɗaya, kason wata-wata, wani lokaci da wani ɗan kaso na talla. Sannan sau da yawa akwai sharaɗin cewa a wurinsu kaɗai za ka sayi kayan haɗi, nan ma suna cin riba a kanka.

Tambayar ita ce me kake saya da wannan kuɗin? Suna kake saya. McDonald's da ake misali da shi, Ray Kroc ya buɗe nasa na farko a 1955 a jihar Illinois ta Amurka, yau duk wanda ya karɓi sunan kwastoma na zuwa tun ranar farko don sun riga sun san abin da za su ci. Nan gida Mr Bigg's na UAC ya fara a Legas a 1986 daga baya ya riƙa ba mutane sunan suna buɗe rassa, KFC ya shigo 2009, Domino's 2012. Waɗannan duk harkar manyan kuɗi ce, ba ta mai miliyan ɗaya ba. To kai wannan kamfanin naka, ɗalibin ABU nawa ne ya taɓa jin sunansa? In ba wanda ya sani, kes da inji kawai ka saya da tsada, kuma za ka zauna kana gina musu suna a Zariya da guminka kana biyansu a kai.

Anti Bilki Hanwa:
Ni fa ban yarda a taru a kashe wa yaro gwiwa ba. Kullum mu 'yan Arewa haka muke, da an kawo sabon tsari sai mu ce damfara ce. Ku duba kasuwancinmu mana, mutum ya shekara talatin yana tara dukiya, ranar da ya rasu kafin a yi sadakar arba'in shago ya watse saboda komai a kansa yake, ba littafi ba tsari. Abin da faranchayis ke koya maka ke nan: awon komai, nama giram kaza, rubuta ciniki kullum, tsafta, yadda za ka yi wa kwastoma magana. Matashin da bai taɓa sayar da ko ashana ba, a ba shi tsari a hannu ai ya fi ya je yana lalube da kuɗin Yayansa.

Alhaji na Sabon Gari:
Hajiya Bilki ai muna da namu tsarin tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro wancan. Yaro ya zauna da ubangida ya koyi sari da kiri, ya san kwastoma, ya san dila, in lokaci ya yi a buɗe masa shago a zuba masa kaya da sunan maigida, yana sayarwa yana biya. Rabin 'yan kasuwar Sabon Gari haka suka tashi, ba wanda ya biya kuɗin shiga.

Anti Bilki Hanwa:
Alhaji Allah ya ƙara girma, amma ka faɗi ɗaya rabin ma. Yara nawa ne suka yi shekara goma a shago, ranar sallama aka ce sun ci kuɗi aka kore su hannu rabbana? Saboda ba takarda. Aƙalla wancan akwai abin da za ka riƙe ka kai kotu.

Alhaji na Sabon Gari:
Wannan kam akwai, ba zan musa ba, Allah ya shirye mu. Amma kotun Legas Abba zai je da dubu 300 ɗin da ta rage masa?

Maman Ihsan Samaru:
Ku bari in yi magana a kan Samaru tunda a nan nake neman abincina. Abba ƙanena, kasuwar Samaru ɗalibai ne, in suna nan kowa na dariya, in sun tafi gari ya mutu. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas aka yi, daga Fabrairu har Oktoba, na 2020 ma haka ya ja ga korona a kai, masu fotokwafi da masu abinci da masu hayar ɗakuna kowa ya ji jiki, wasu ba su sake buɗewa ba. Ko ba yaji akwai hutu, ga azumi da cinikin rana ke tsayawa. To ka tambaye su da kyau ko akwai mafi ƙarancin kuɗin da dole ka biya duk wata ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, don wasu haka suke sawa a ƙasan takarda da ƙananan rubutu.

Sai wuta. Ni kunun aya da zoɓo nake yi, in na tace kunun aya da asuba na ɗura a gora na jera a firiza, in aka ɗauke wuta ban samu ƙanƙara ba kafin azahar za ka ga gorar ta kumbura, ka buɗe ta yi tsss, ya yi tsami ya fara yauƙi, sai zubarwa. Kai nama za ka ajiye da mayonis, ya fi nawa haɗari don mutum zai iya kwanciya asibiti. Mutumin Legas da ya tsara maka lissafi a takarda bai san da wannan ba, ko ya sani ba asararsa ba ce.

Sadiq mai POS Kwangila:
Gaskiya in ana maganar mai araha da talaka zai iya, abin da muke da shi a ƙasa shi ne zama ejan. Moniepoint, OPay, PalmPay, ko na bankuna, sunan kowa ya san shi, na'urar ba ta da tsada, ba wanda zai ce ka kawo miliyan kuɗin shiga. Jarin gaske shi ne tsabar kuɗin da za ka riƙa juyawa. Amma kar wani ya ruɗe ka da labarin farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da aka riƙa cajin abin da aka ga dama, wancan ya wuce. Yanzu daga gadar Kwangila zuwa PZ ƙirga lema nawa za ka gani, kowa POS, ka ƙara naira 50 a caji kwastoma ya tsallaka wurin na gaba.

Kuma aikin ba zama ba ne kawai yadda ake gani. Da safe sai na bi gidan mai ko masu sayar da hatsi na karɓi tsabarsu na tura musu ta waya, wani lokaci har da ɗan abin da zan ɗora musu, don layin banki ba ya biyan buƙata. Ga masu alat na bogi, mutum ya nuna maka waya an rubuta an tura, yana sauri wai motarsa za ta tashi, in ba ka ga kuɗi a naka asusun ba kar ka miƙa ko sisi ko da rawani ya zo. Ga netwok, a cire wa kwastoma kuɗi kai ba su shigo maka ba, ya tsaya a kanka yana zagi. Sannan tun 2024 an ce kowane mai POS ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka sa wannan a lissafi. Ana samu dai, na cefane da ɗan ajiya, amma ba a yin gida da shi sai ka haɗa da wani abu, ni na haɗa da cajin waya da data da ruwan leda.

Dan Muchiya:
Ku daina wahalar da yaro, shagon bet ya buɗe kawai. Su ma ejan suke bayarwa, kwamfuta biyu da talabijin da janareta, kamasho na shigowa, unguwar ɗalibai kuma ba a magana

Malam na Ƙofar Doka:
Subhanallah. Dan Muchiya ka ji tsoron Allah, caca ce fa, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri guda. Kuɗin makarantar 'ya'yan mutane za ka ce ya zauna yana karɓa?

Dan Muchiya:
Allah ya gafarta Malam ni lissafin kasuwa kawai na kawo

Admin:
A bar maganar bet a nan dan Allah, ba za mu tallata ta a gidan nan ba. A ci gaba.

Abba T/Wada:
Allah ya gafarta Malam, to shi ainihin tsarin biyan kaso don amfani da sunan wani, akwai matsala a shari'a?

Malam na Ƙofar Doka:
Asali a mu'amala halacci ne matuƙar abin da ake sayarwa halal ne, kuma an fayyace komai: me za a ba ka, me za ka biya, har zuwa yaushe. Abin da shari'a ta ƙi shi ne garari, a sayar maka da abin da ba ka san haƙiƙaninsa ba. Inda nake jan kunne shi ne wani nau'in da ya yi yawa yanzu, a ce maka ba sai ka yi aiki ba, kawo kuɗi mu buɗe reshe da sunanka mu gudanar, duk wata kana da kaza tabbas, uwar kuɗinka kuma tana nan. Wannan ba mudaraba ba ce, a mudaraba riba ake rabawa bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba mai kuɗi ne ke ɗaukar asarar dukiya. Da an lamunce maka riba da uwar kuɗi to an shiga wani babin. Don ƙarin bayani ka zauna da malami da takardar a hannu, fatawa ba ta yiwuwa a kan abin da ba a karanta ba.

Lauyan Kongo:
Kuma irin wannan na ƙarshe da Malam ya faɗa, ko ta fuskar doka wanda ke tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari sai yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari. Mun ga yadda kuɗin jama'a suka maƙale a MMM a ƙarshen 2016, mun ga na CBEX a 2025, riga kawai ake canzawa.

Abba ga abin da za ka yi kafin ka tura ko naira. Shiga shafin CAC ka binciki sunan kamfanin, kyauta ne. Amma ka sani rajistar CAC daban, mallakar tambari daban, shi tambari a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya ake yinsa, ka ce su nuna maka shaidar, don in ba su mallaki sunan ba me suke ba ka haya? In sun ce daga ƙasar waje sunan yake to yarjejeniyarsu da masu shi ya kamata ta bi ta NOTAP, hukumar da ke rajistar irin wannan yarjejeniya da kamfanonin waje. Ka nemi cikakkiyar yarjejeniya ka karanta a nutse: shekara nawa ce, in ka gaji za ka iya sayar wa wani, kes da injin naka ne ko nasu in an rabu, za su iya ba wani suna a layinku ko kai kaɗai ne a Samaru, in rigima ta tashi a wane gari za a yi shari'a. Mafi muhimmanci, su ba ka lambar mutum uku da suka karɓa fiye da shekara, ba waɗanda suke cikin bidiyon talla ba, in da hali ka je ka tsaya gefen shagon ɗaya da yamma ka ƙirga masu saye da idonka.

Bakanon Kwari:
Barista wannan duk kyauta ka ba shi? Shi ya sa ba ku yin kuɗi a Zariya 😂 Amma maganar gaskiya, mu nan abin da ya fi tafiya shi ne ƙaramin dila. Ka samu babban dilan taliya ko lemo ko sabulu ko omo, kayan da an riga an san su, ka riƙa ɗauka kana rarraba wa masu tireda a Giwa, Soba, Hunƙuyi, Maƙarfi. Ribar kan katan kaɗan ce amma kaya na gudu, kuma ba mai cewa ka ba shi kason wata. Matsalar ɗaya bashi, masu tireda za su cinye ka da "sai ran kasuwa" in ba ka da taurin ido.

Ummi Palladan:
Ni tambaya ta, ya batun ejan na su yogot da askirim irin Fan Milk, masu keken nan? Na ga kamar da firiza biyu za a iya farawa

Maman Ihsan Samaru:
Ummi ana yi, lokacin zafi daga Maris zuwa Mayu kam sai kin rasa kaya, amma ki tuna sanyin Zariya, Disamba da Janairu wa zai sha askirim yana rawar ɗari? Kuma wuta dai wuta, in ba sola mai ƙarfi gare ki ba kuɗin mai zai cinye ribar. Ga yaran da za su tura keken, samun mai amana shi ne rabin aikin.

Injiniya Dogarawa:
Gas ɗin girki fa? tunda kalanzir ya gagara gawayi ma ya yi tsada mutane sun koma gas sosai, wasu manyan tashoshi na ba ƙananan masu sayarwa. Sai dai ba abin wasa ba ne, akwai lasisi daga NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar mai da gas, kuma dan Allah a daina buɗe shi a shagon cikin gida kusa da mai shayi ko mai tsire

Abba T/Wada:
Jama'a na kira su yanzu. CAC ɗin akwai sunan. Na ce su turo yarjejeniya, wai sai na biya dubu 50 kuɗin fom tukuna, ba a mayarwa. Na ce ina rassansu, sun ce Legas da Ibadan, Arewa ni zan zama na farko shi ya sa suka yi min ragi, kuma ragin zai ƙare ran Juma'a. Lambar waɗanda suka karɓa wai sirrin kamfani ne. Akawun ɗin da suka turo kuma sunan mutum ne ba na kamfani ba.

Sadiq mai POS Kwangila:
Akawun na mutum?? Tab. Gudu malam

Alhaji na Sabon Gari:
Araha ba ta ado. Duk mai ce maka ka yi sauri kafin Juma'a, kuɗinka yake so kafin ka yi tunani.

Anti Bilki Hanwa:
To waɗannan kam ko ni ba zan ba su ba, wanda ya ɓoye maka takarda ya gama magana. Amma ina nan kan bakana game da tsarin. Ni abin da ke ba ni haushi ma, me ya sa kullum sai mu jira na Legas? Muna da masu tsire da masu masa da masu fura da nono a garin nan da sunansu ya kai Kaduna da Abuja, mutum ya taso takanas don su. Me zai hana irinsu su tsara abin, su ba matasa suna da sirrin haɗi a buɗe a Kongo, Samaru, Ɗanmagaji, a riƙa ba su kaso? Wannan ne sunan da ya cancanci a biya a Zariya. Maman Ihsan ke ma kunun ayarki ai an san shi.

Maman Ihsan Samaru:
Anti an sha tambayata wlh. Tsorona ɗaya, in ba wa yarinya sunana ta je ta rage dabino da kwakwa ta cika ruwa da sukari don riba, ko ta sayar da na jiya, wa za a zaga? Ni. Kuma da ka fara liƙa takarda a gora kana rarrabawa shaguna maganar NAFDAC ta shigo, da ɗakin haɗi na musamman da duk wannan. Sai dai in ni zan haɗa da hannuna in bayar a sayar.

Lauyan Kongo:
Shi ya sa manyan ke da masu zagayen duba rassa kuma suke rubuta cewa za su iya ƙwace sunan in ka saɓa. Ko ke za ki iya rubuta naki a shafi ɗaya da shaidu biyu, ba sai da Turanci ba.

Abba T/Wada:
Baba Alhaji in ba damuwa zan shigo kasuwa in same ka kan maganar rarraba kaya da Bakano ya kawo, ina son in ga yadda lissafin katan yake kafin in taɓa kuɗin.

Alhaji na Sabon Gari:
Ka zo bayan azahar, safiya ba na samun kai. Ka taho da littafi, kuma kuɗin ka bar su a banki.

Sadiq mai POS Kwangila:
Maman Ihsan ni fa da gaske, ina da kula a wurina kuma masu jiran mota na tambayar abin sanyi. A fara kawo min kunun ayan in gwada mana

Maman Ihsan Samaru:
Ba matsala Sadiq. Gora 20 za mu fara, ƙanƙara taka ce, kuɗin ɗan acaɓa mu raba. Wanda bai ƙare ba zuwa magariba ka shanye ko ka zubar, kar ka sayar min da shi washegari. Kuma ba bashi.